Ledar da Ta Ce Babu Sukari

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, wanda ya fara neman abincinsa a gidan haɗa abincin dabbobi. Aikinsa gauraya dusa da gishiri a cikin wani ƙaton baho. A nan ya ga abin da bai taɓa mantawa ba. Idan dusa ta daɗe ta fara wari, shanu sukan sunsuna su kau da kai. Amma da zarar an kwarara mata baƙin ruwan rake, irin mai kaurin nan da ke saura bayan an tace sukari, sai su cinye har su lashe kwano. Sauran ma'aikata ba su ɗauki wannan a bakin komai ba. Shi kuwa ya riƙe shi a matsayin ilimi.

Da Allah ya buɗa masa, sai ya kafa kamfanin niƙaƙƙen nama, wanda ake ɗurawa a leda a kai kantuna. Wuri ne fes: farin daɓe, injin niƙa mai ƙyalli, ɗakin sanyi, ma'aikata da fararen huluna. A jikin kowace leda akwai sunansa da hotonsa ya harɗe hannuwa, a ƙasa kuma an rubuta da jan baƙi: Tsantsar nama, babu sukari.

Amma a bayan ɗakin ajiya akwai shuɗɗan duro marasa rubutu, cike da ruwan sukari mai kauri, ga buhunan sitaci a gefensu. Su ke ƙara wa naman nauyi, su ke rufe ɗanɗanon wanda ya kwana biyu, su ke sa wanda ya ci ya dawo.

Wani tsohon mahauci da ke aiki a wurin ya taɓa ce masa, "Maigida, mutane ne fa za su ci, ba shanu ba."

Ya yi dariya ya ce, "Baba, harshe ai harshe ne. Na saniya ya ɗan fi tsawo ne kawai."

Aka yi dariya, domin dariyar maigida ba ta rasa masu tayawa. Suna ya tashi. Har gayyatarsa ake yi ya yi wa matasa jawabi a kan riƙon amana, ya kuwa iya jawabin.

Duk cikin masu alfahari da shi babu kamar mahaifiyarsa. Tsohuwa ce mai ciwon sukari, tana zaune da yayarsa, wadda ke kula da ita. Ta wanke ledojin kamfanin ta lilliƙa a bangon ɗakinta, kowane baƙo sai ta nuna masa. Ɗan ya san ciwonta, don haka yakan sa a haɗa mata nata naman daban, a farar leda marar tambari, ya aika mata duk mako. A ganinsa ya sauke haƙƙi.

To, ina tambaya: iyayen sauran mutane fa? Su ba a haife su da jini ba ne?

Sai awon sukarin tsohuwa ya fara hawa. Yayarsa ta hana ta burodi, ta rage mata shinkafa, shayi ma ba sukari. Awo bai sauka ba. Likita ya dubi tsohuwa ya ce lallai tana shan zaƙi a ɓoye. Ta rantse ba ta yi. Bai yarda ba. Ta dawo gida tana hawaye, ba don ciwo ba, sai don an mai da ita maƙaryaciya da furfurarta.

Ran nan ya je gaishe ta, yayarsa ta jera masa abin da take ci: ganye, wake kaɗan, sai naman kamfaninsa safe da yamma, shi ne ma abin da take ƙoshi da shi.

Ya ce, "Wanda nake aikowa?"

"Wannan marar suna? Ai maƙwabta take rabawa. Da ƙafarta take zuwa kanti ta sayi mai hotonka, don ta ce wa mai kanti ita ta haife ka."

Ya juya wurin mahaifiyarsa. Ya ce, "Inna, ki ɗan rage naman nan."

Ta ce, "Ji ɗan nan! Kai ka rubuta babu sukari. Ko likita zai fi ka sanin abin da ka niƙa da hannunka?"

Ya 'yan uwa, na daɗe ina juya wannan wurin a raina, domin a nan labarin ya rabu biyu. Kalma huɗu kawai ake bukata: Inna, ƙarya na rubuta. Ya dubi bangon, ya ga fuskarsa sau ashirin tana kallonsa da hannuwa a harɗe. 

Maimakon gaskiya sai ya nemi dabara. Ya sa aka ɗura nama marar sukari a leda mai hotonsa, aka riƙa kai wa kantin unguwarsu shi kaɗai. Ya koma ofis yana jin daɗin kansa, wai ya tsare uwa kuma ya tsare suna.

Abin da ya manta shi ne darasin da ya koya a bakin baho. Harshen da ya saba da zaƙi ba ya yarda da lami. Tsohuwa ta ɗanɗana sau ɗaya, ta ɗauki ledar ta koma kanti ta dire a gaban mai kanti.

"Jabu kake sayarwa da sunan ɗana? Ni za a gaya wa ɗanɗanon namansa?"

Daga ranar ta daina shiga kantin. Ta riƙa takawa zuwa babban kanti na bakin titi, tafiya mai nisa, ba ta faɗa wa kowa ba, don kada ran ɗanta ya ɓaci da jin ana kwaikwayon kayansa. Ƙafafunta sun riga sun daina jin zafi. Takalmi ya goge mata ɗan yatsa, ba ta sani ba sai da ya yi ruwa. Gyambon ya ƙi warkewa. Aka yanke yatsan, bayan wata biyu aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ganinta ma ya dushe.

Ban ce naman nan ne ya sa mata ciwon ba. Amma shi ne ƙofar da aka bari a buɗe alhali ana ta rufe tagogi, kuma mai mabuɗin yana tsaye yana kallo.

Yayarsa ce ta fara zargin naman, ta kai leda ɗaya ɗakin gwaji. Sakamako ya fito, hukuma ta zo ta sami duro, aka garƙame kamfani. Masu tafa masa a wurin jawabi suka daina ɗaukar wayarsa. Duk wannan mai sauƙi ne.

Ya shiga ɗakin mahaifiyarsa, ya same ta a keken marasa lafiya. Ta lalubo hannunsa ta ce, "Hassada ce, ko? Faɗa wa yayarka sharri aka yi maka."

Ya durƙusa ya ce, "Ba sharri ba ne, Inna. Gaskiya ne."

 Sannan ta ce, "Ranar da likita ya ce ina ƙarya, ka san da sukari a namanka?"

"Na sani."

Ba ta tsine masa ba. Ta saki hannunsa, ta ce wa yayarsa ta ɓamɓare ledojin bango, duk da ba ta ganinsu. Har yau yana zuwa gaishe ta, tana amsawa. Amma ko ruwa ya miƙa mata, sai ta juya ta ce wa 'yarta, "Ɗanɗana mini tukuna."

Ya 'yan uwa, wannan mutum bai rasa ƙaunar uwarsa ba, bai rasa wayo ba. Girman kai ne ya hana shi kalma huɗu. Ya zaci zai zuba algus a kasuwa ya kewaye gidansa da katanga. Wa ya gaya masa algus yana tambayar adireshi? Kai mai haɗa abin da mutane za su ci, abin da ka rubuta a jikin kayanka shaida ce, za a kuma tambaye ka a kanta. Akwai mara lafiyar da ke karanta rubutun nan ya ɗora ransa a kai. Idan ka riga ka yi kuskure, ka faɗa yau, tun kunya ce kaɗai za ka biya.

Allah ya tsarkake abin da muke ci da abin da muke ciyarwa. Allah ya ba masu ciwon sukari sauƙi. Allah ya kiyaye mu daga ranar da iyayenmu za su ji tsoron abin da ya fito daga hannunmu. Amin.