Saki Biyu da Ragon Suna

An ce wai a wani gari na bakin gulbi an yi wani alƙali mai suna Malam Haliru. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawar sa hannu a takarda. Masu ƙara har gunaguni suke yi, suna cewa shari'ar da wani zai yanke da hantsi, shi sai ta kai shi azahar, don in mutum ya ɗauko labari ba ya katse shi.

Wata rana wani tsoho ya shigo kotunsa, ana ce masa Ilu Baduku, wanda rabin garin suka taka takalman da ya ɗinka. Idonsa ya yi rauni, saboda haka wata tsohuwa ce ke gabansa, tana gaya masa inda dakali yake, tana yi masa faɗa a kan bai ɗaga ƙafa sosai ba. Wannan ita ce Tasalla, matarsa ta shekara arba'in da wani abu. Duk wanda ya gan su zai ɗauka ƙarar wani suka kawo.

Da suka zauna, Ilu ya ce, "Allah gafarta Malam, takardar saki na zo a rubuta mini."

Alƙali ya ce, "Wa ka saka, Baba?"

Tsohuwa ta ce, "Ni ce, Allah gafarta Malam. A kan karan dafi."

Karan dafi shi ne abin da dukawa ke rina fata ja da shi. Ilu ya ajiye damin da ya saya da tsada a bayan madafa, Tasalla ta rasa makamashi, ta hura wuta da shi. Da ya zo ya tarar da toka, ransa ya ɓaci, bakinsa ya riga hankalinsa. Kafin tuwon ya nuna ya yi nadama, amma magana ta riga ta fita.

Alƙali ya ce, "In saki ɗaya ne, ai sai ka mayar da ita. Me ya kawo ku nan?"

Ilu ya sunkuyar da kai ya ce, "Shi ne abin da ya hana ni cin abinci. Muna da ƙuruciya na taɓa sakinta, kuma a lissafina sau biyu ne. In haka ne, wannan na uku ke nan, ta haramta gare ni. Akwai maƙwabcin da ya ce a yi auren kisan wuta, a sami wani ya aure ta na ɗan lokaci ya saka. Na ce ba zan yi wa Allah dabara ba, ita ma ta ce ba za ta yi ba. Duk sakin da na yi a lokacin sai da na kawo wa alƙalin da ke kan kujerar nan ya rubuta. A duba mana. Ko Allah zai sa ɗaya ne, tsufa ne ya ninka mini shi."

Alƙali ya ji tausayinsu ƙwarai. Ya sa aka kira magatakarda, wani mutum mai yawan ƙorafi ana ce masa Ɗan'azumi, ya ce ya shiga ɗakin ajiya. Ɗan'azumi ya tambayi shekara. Ilu bai san ta da lamba ba, ya ce shekarar da gulbi ya cinye kasuwar awaki. Magatakarda ya shiga yana mita, ya daɗe yana ɗaga manyan littattafan da gara ta ci gefensu, ya fito da ɗaya yana atishawa. Ya buɗe, ya bi da yatsa, ya karanta: Ilu Baduku ya saki matarsa Tasalla. Ya juya shafi, sai ga sunayen nan kuma, a cikin wata guda.

Tasalla, wadda bakinta bai huta ba tun shigowarsu, ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ilu ya ce, "To, shi ke nan. A rubuta na ukun." Magatakarda ya ɗauko takarda, shi ma jikinsa a sanyaye.

Alƙali ya ce, "Ajiye alƙalamin tukuna. Ba na sa hannu a kan rigimar da ban ji ba. Baba, na farkon, a kan me ne?"

Ilu ya ce, "Wuƙata ta yankan fata ta ɗauka ta yanka kuɓewa."

Tasalla ta buɗe fuska ta ce, "Kabewa ce. Wa ke neman babbar wuƙa don kuɓewa?"

"Kuɓewa ce, har yauƙin na gani."

"Idon da ko a lokacin ba wani gani yake yi ba."

Mutane suka fara murmushi, alƙali ya bar su suka yi ta yi. A cikin gardamar aka ji cewa bayan sakin ta koma gidan iyayenta a ƙetaren gulbi, kuma da kwale-kwale aka kai ta, don ba ta iya doguwar tafiya a lokacin. Alƙali ya ji wannan, ya riƙe a ransa. Sai ya ce, "Na biyun fa?"

Ilu ya ce, "Wannan a kan rago ne. Na saya, na ja shi har gidansu, ga mutane cike da ƙofa. Sai ta leƙo ta bayan labule ta ce wai wannan rago ne ko kyanwa. Aka yi mini dariya. Na ce, to na ƙara miki ɗaya."

Tasalla ta ce, "Allah gafarta Malam, da ka ga ragon nan da ka ba ni gaskiya. Ana ƙirga haƙarƙarinsa daga zaure."

Alƙali ya ce, "Mutum ya saki mace, kuma ya ja mata rago har gidansu? Ragon me ne, Inna?"

Nan take tsohuwa ta kau da kai tana wasa da bakin mayafi. Can ta ce, "Na wancan ne."

"Wane wancan?"

"Yaron nan."

Alƙali ya gane. Mace mai kunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ma son a ji maganarsa a bakinta, ko da ya yi furfura. Ya juya wajen Ilu, shi ma yana ta sosa ƙeya. Wani dattijo a cikin masu sauraro ya ce, "Allah gafarta Malam, Nomau suke nufi, mai sayar da hatsi. Ragon sunansa ne. Ni ma na ci naman, kuma gaskiya ba shi da yawa."

Alƙali ya ce, "Ashe da cikinsa aka yi sakin farko, ta haife shi a gidansu, ranar suna aka yi na biyu. Tsakanin sakin farko da haihuwar, Baba, ka mayar da ita?"

Ilu ya ce, "Ina fa. Fushi nake yi, ko gulbin ban ƙetara ba sai ranar sunan."

"To daga baya, yaya aka yi ta dawo ɗakinta?"

Tasalla ta ce, "Bayan na gama wankan jego, kawuna ya ce sai an sake ɗaura aure. Aka ɗaura, aka ba da sabon sadaki, tasar tagulla. Tana nan, a cikinta yake cin tuwo."

Alƙali ya gyara zama, ya ce, "Ku saurara. Iddar mai ciki tana ƙarewa ne ranar da ta haihu. Ranar da Nomau ya faɗo duniya, igiyar da ke tsakaninku ta yanke, ta zama ba matarka ba. Kawunta ya san haka, shi ya sa ya nemi sabon aure. Saki kuwa ba ya faɗa wa macen da ba a hannunka take ba, kamar yadda ba ka iya sayar da gonar da ka riga ka sayar. Abin da ka faɗa ranar suna magana ce ta mai fushi, ta tashi a banza. Wanda ya rubuta a littafin nan ya rubuta abin da ka gaya masa, kai kuma kunya ta hana ka gaya masa an yi haihuwa a tsakani. Na wuƙa ɗaya, na karan dafi biyu. Ba a yi na uku ba."

Hawaye suka zubo wa Ilu, ya ce, "Na mayar da ita, Allah gafarta Malam. Ku shaida na mayar da ita."

Alƙali ya ce, "Mun shaida. Amma ka sani, Baba, saura ɗaya, kuma babu wani rago da zai sake cetonka."

Tasalla ta miƙe ta kakkaɓe zanenta, farin ciki ya cika ta amma ba ta yarda a gani ba. Ta miƙa masa sandarsa ta ce, "Ka ji dai. Shekara arba'in kana ƙullace da ni a kan maganar ragon nan, ga shi ita ce ta yi maka rana. Tashi mu tafi, na bar wake a wuta."

Ilu ya ce, "Da me kika hura wutar?"

Ta ce, "Ɗaga ƙafarka, ga dakali nan."

Bayan sun fita, magatakarda ya ce, "Allah gafarta Malam, na lura tun da aka ambaci kwale-kwale ka yi zargin ciki ne. Me ya sa ba ka tambaye su kai tsaye ba, ka bari muka sha labarin kuɓewa da kabewa?"

Alƙali ya ce, "Mutum biyu ne masu son abu ɗaya da dukan zuciyarsu. Da na nuna musu inda mafita take, sannan suka ba ni amsar da ta dace da ita, da ni da su har abada ba za mu san ko gaskiya suka tuna ko fata suka tuna ba. Mutumin da ya ƙi auren kisan wuta ba zai iya zama da shakka a gidansa ba. Yanzu kuwa sun ba da shaidar suna faɗa da juna, ba su san amfaninta ba. Irin wannan shaidar ba ta ƙarya."

Aka ce Ilu da Tasalla sun ƙara shekaru masu yawa tare, suna gardama kullum, amma duk lokacin da ransa ya ɓaci sai ya ɗauki sandarsa ya fita zaure har ya huce. Ita kuma ta sa aka gina wa karan dafinsa rumfa nesa da madafa.

Takarda tana riƙe abin da aka gaya mata ne kawai. Abin da kunya ta hana a faɗa yana nan wurin mutane, kuma sai mai haƙurin saurare ke samunsa.