Tsagar Jikin Gada

Ku yaran yanzu ba ku da kunne. A faɗa muku magana ku ce kun sani, a nuna muku rami ku ce kun gani, kuna tafe kuna latsa waya. To ku zauna ku ji abin da ya sami babban ɗana. Ni da na haife shi nake faɗa, ba maƙiyinsa ba.

Magini ne kamar mahaifinsa. Hannunsa na da kyau, bangonsa ba ya karkacewa, har abokan aiki suka laƙaba masa Injiniya. Sunan nan shi ya kumbura masa kai. Da ya tashi gina gidan kansa, sai ya sayi fili a gangare, kusa da rafin da ya ratsa bayan unguwarmu.

A ƙafar gadar rafin akwai wata tsaga da marigayi mahaifinsa ya yi da guduma, a shekarar da ruwa ya fi yawa a zamaninsu. Duk maginan unguwar da ita suke awo: in harsashinka ya ɗara tsagar da taƙi ɗaya, ka tsira. Shekara arba'in ruwa bai taɓa ta ba.

Autata tana aiki a ofishin da ake auna ruwan sama da zafi. Ranar da ake haƙa harsashin ta zo ta same mu a filin, ta yi masa bayani a gabana. Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma na fahimta. Ta ce man fetur da kwal da iskar gas da duniya ke ƙonawa a motoci da masana'antu suna fitar da wata iska da ke taruwa a sama. Zafin rana yana shigowa, amma iskar nan tana hana wani sashensa fita, kamar motar da aka bari a rana da gilasai a rufe. Ta ce iska mai zafi ta fi kwasar ruwa daga ƙasa da teku, kuma in ta tashi saki, sai ta sake shi da yawa a lokaci guda. Wannan ban buƙaci malami ba. Da wankau na ciyar da 'ya'yana, na san yadda shanya ke bushewa ranar zafi, na kuma san ruwan ba ɓacewa yake yi ba.

Ta ce, “Yaya, tsagar Baba ta ruwan zamanin da ce. Ka ƙara layi huɗu na bulo, ko ka nemi tudu.”

Ya yi dariya ya ce, “Auta ke nan. Jiya-jiya nake goya ki kina jiƙa min baya, yau ke za ki koya min harsashi? Hayaƙin da nake gani yana watsewa shi zai kawo min ruwa ɗaki?”

“Baƙin ne ke watsewa, Yaya. Wanda nake faɗa ba a ganinsa, kuma yana iya fin ran mutum daɗewa a sama.”

Na sa baki na ce ya ji maganar ƙanwarsa. Ya ce min, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, in bar masa gini kamar yadda ya bar min wanki. Ya ɗora taƙi ɗaya a kan tsagar ya gina.

Shekara uku lafiya lau. Duk ranar da aka yi ruwa sai ya kira Auta a waya ya tambaye ta ko hayaƙinta ya taso. A ta huɗu aka yi zafin da ban taɓa gani ba, sannan wata rana da hantsi sama ta buɗe. Kafin la'asar ruwa ya shafe tsagar, ya hau kan gadar kanta. Matarsa ta fito da yaran, ruwa har ƙugunta. Shi kuwa ya koma ciki da katako zai tokare bangon baya, maƙwabta na riƙe shi yana fizgewa, yana cewa bangonsa bai taɓa faɗuwa ba. Ruwa ya riga ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin ginin. Bangon ya kwanta masa a ƙafa. A asibiti aka yanke ta daga gwiwa.

Darasin shi ne: abin da iyaye suka auna gaskiya ne a zamaninsu, amma sama ta canza, kuma hannun mutane ne ya canza ta. In wanda ya sani ya faɗa maka, ka saurara, ko da kai ka goya shi. Ɗana ya ƙi layi huɗu na bulo. Yau ba gida, ba ƙafa, ba mai kiransa aiki, yana zaune a ɗakin wankina yana ninke kayan mutane.