Cinikin Kare da Zakara a Kan Rumbu

Ku matso, yara, ku ji dalilin da ya sa kare ke rawar jiki idan maigidansa ya dawo.

A da can ba haka yake ba. Kare ne ya fi kowace dabba sanin lokaci. In maigidansa ya fita, ya san daidai sa'ar da zai dawo, don haka ko kai ba ya ɗagawa in ya ji sallama. Me zai tashi ya yi? Ai ya san da zuwansa.

Akwai wani mai haƙar rijiya, Nomau, yana da kare ana ce masa Dunƙule. Wata rana Nomau ya tafi haƙa a bayan gari. Azahar ta yi, lokacin dawowarsa, shiru. Dunƙule ya san ba lafiya ba. Ya ruga ya tarar ramin ya rufta, Nomau na nishi daga ƙasa.

Ya dawo gari yana haushi. Mutane na kwance a inuwa, wani ya wurga masa hoge ya ce, "Kai, tafi can, ka dame mu!"

To, a zamanin nan zakara ba ya cara sai masifa ta auku, kuma da ya yi kowa zai fito da gudu. Dunƙule ya same shi a kan rumbu.

"Don Allah, Zakara, ka yi cara. Ƙasa ta danne maigidana."

Zakara, ɗan son banza, ya karkace kai ya ce, "Na gaji da shelar masifa. Ka ba ni sanin lokacinka in riƙa tashin gari da asuba, a san da ni."

"In na ba ka, yaya zan san yaushe maigidana zai dawo?"

"Zaɓi ɗaya. Ko ka san lokacin, ko shi ya dawo."

Dunƙule bai ƙara tambaya ba, ya ce, "Ɗauka."

Zakara ya ware murya. Mutane suka fito da fartanya da igiya, kare na gaba suna biye. Suna ta tono, shi kuwa yana tsaye bakin rami, ya rasa ko yanzu aka fara ko an yi wata guda. Tsoro ya cika shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Da aka jawo Nomau da ransa, sai Dunƙule ya faɗa masa yana tsalle, yana lasar ƙasar da ke fuskarsa, wutsiya kamar za ta tsinke.

Shi ya sa har yau, ko maƙwabta ka leƙa ka dawo, haka karenka zai tare ka. Kada ka tsawata masa. Shi bai san yanzu ka fita ba, kuma bai san za ka dawo ba sai da ya gan ka.