Saiwa Uku a Ƙarƙashin Kankare

Ku yaran yanzu, kunnuwanku ado ne kawai. A ce muku ku tsaya, ku ce rana na tafiya. Ku yi ɓarna, ku shafe ta da siminti sumul, kuna zaton abin da ido bai gani ba ya mutu. To ku zauna ku ji.

An yi wani magini, saurayi mai hannu, amma girman kai ya yi masa katutu. In ya ja layi, ba mai sa shi ya kauce ko da taku ɗaya. Yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu, ta kira shi ya gina mata ɗakin ɗinki a tsakar gida, gefen wata tsohuwar darbejiya.

"Auta, yi aikinka, amma kada ka taɓa min bishiyar nan."

"Haba Yaya, gini kika kira ni, ba sassaƙa ba."

Ya ja igiya, ya kafa turaku, ya fara haƙa harsashi. Ramin bai kai gwiwa ba diga ta ci karo da saiwa uku, kowace kamar cinyar ƙato. Ya san ƙa'ida sarai: ko ya matsar da harsashin, ko ya faɗa wa mai gida a sauke bishiyar gaba ɗaya. Amma matsarwa na nufin a cike rami a sake awo, maƙwabta su ga gwani ya yi kuskure. Yaya ta tafi kasuwa sayen zare. Ya ɗauki gatari. Kafin ta dawo ya zuba kankare a kai.

Tsohon kafintan da ke haɗa musu ƙofa ya tsinci ɓallin ɗanyen itace, ya shinshina.

"Ɗana, wannan ɗacin darbejiya ne. Me ka sara?"

"Baba, hancinka ya fi zartonka kaifi. 'Yan jijiyoyi ne."

"Jijiya mai wannan kauri? Bishiya fa ba ta cika faɗuwa ta inda aka sare ta ba, ɗaya gefen take bi. Dubi abin da ke can."

Magini ya duba. Madafar Yaya ce, inda take wuni ita da 'yarta.

"Kai dai ji da ƙusarka," ya ce.

Ɗaki ya yi kyau, kowa ya yaba. Bishiya tana nan kore shar. Sai da aka yi ruwan farko magini ya zo gaishe da Yaya, ya ga ƙasa ta tsage a gindinta, tsaga siririya kamar zare. A ɓoye ya buga ƙusa a jikin bishiyar ta ɓangaren madafa, ya rataya igiya da dutse. Ranar, dutsen na taɓa ɓawo. Bayan mako ɗaya yatsa biyu na shiga tsakani. Bayan wata, tafin hannu.

Abinci ya daina shigar masa. In yana kan gini iska ta ɗaga leda, sai ya waiga wajen gidan Yaya. Sau biyu ya zo da niyyar faɗa, sau biyu ya tarar Yaya tana nuna wa baƙi ɗakin tana cewa, "Aikin ƙanena ne, ba a gyara masa." Sai ya haɗiye maganar.

Sai ya ɓullo da dabara. "Yaya, ki mayar da girki can ɗaya gefen gidan mana, hayaƙi na ɓata fenti."

"Ji min ɗan nema! Shekara ashirin ina girki a nan, yau fentinka zai kore ni?"

Wata rana bayan la'asar gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Yana wurin aiki ya ji iskar farko, ya yar da cokalin gini, ya zuba da gudu ba takalmi. Ya shiga gidan ya ga ƙasar gindin bishiyar tana ɗagawa tana sauka kamar ƙirjin mai barci. Yaya da 'yarta suna cikin madafa suna kwashe tukwane.

"Yaya ku fito! Na sare saiwar! Na sare ta!"

Ta tsaya tana kallonsa, ba ta gane ba. Ya faɗa ciki, ya cilla yarinyar waje, ya tura Yaya da kafaɗa. Sai ƙara. Darbejiya ta kwanta a kan madafar, wani reshe ya danne hannunsa na dama a kan bulo. Sai da aka kawo zarto kafin a ciro shi. A asibiti aka yanke hannun daga gwiwa.

Yaya ta yi jinyarsa, ta ba shi abinci a baki kamar da. Sau ɗaya ta tambaye shi.

"Auta, wata huɗu ina zaune a ƙarƙashinta ni da 'yata, kana sane?"

Ya juya fuska ga bango.

Darasin ba ɓoyayye ba ne. Kuskure ba abin kunya ba ne, binne shi ne mugun abu, domin abin da ka binne yana can yana aikinsa ko kana barci. Wanda ya ɓata, ya buɗe baki tun maganar tana da amfani. Shi wannan ya guji kunyar yini ɗaya, ya biya da hannun da yake ci da shi, kuma har yau in ya faɗa wa yayarsa magana, sai ta tambayi wani kafin ta yarda.