Farin Kwanon Jatau

An yi wani mutum a can zamanin baya, wani bawan Allah mai suna Jatau, a wani gari na bakin tabki. Ɗan lambun albasa gare shi, shi ke nan arzikinsa. Ku saurara da kyau.

Jatau yana da wata ɗabi'a da ake yi masa dariya a kanta. Duk Juma'a sai ya ɗaura wa farin kwano igiya, ya zura a tabki, ya ga kamu nawa zai nutse kafin ya ɓace wa ido. A da, har kamu shida yana hango shi. Wata damina ya koma uku. Ya koma biyu. Ruwa ya yi kore shar kamar miyar kuka, gansakuka ta rufe shi.

Rannan gari ya waye, kifi ya taso ciki sama, matacce, wari ya cika ko'ina. Innalillahi! Nan take aka ce Barmo ne, baƙon majemin da ke wanke fatu a gefe. Aka yanke cewa bayan la'asar a kore shi da iyalinsa.

Jatau ya ɗauki kwanonsa ya bi gaɓa yana aunawa. Wajen majemi, kamu biyu. Ya yi gaba, kamu ɗaya. Ya ƙara gaba, kwano na shiga ruwa ya ɓace. Ya ɗaga kai, jama'a, sai ga shi a gindin lambunsa! Kashin kajin da ya jibge a gaɓa, ruwan sama ya yi masa hanya, baƙin ruwa yana gangarawa tabki. Kuma ba wanda ya gani. Ba kowa!

La'asar ta yi, ya miƙe gaban mai gari. "Ranka ya daɗe, a bar Barmo. Takina ne. Abin da ke ƙosar da albasa shi ya ƙosar da gansakuka, ita kuma ta shaƙe kifi."

"Jatau, ka san abin da kake faɗa? Lambunka za a tashe."

"Na sani. Gara lambuna ya tashi da a tashi mutum da 'ya'yansa kan laifina."

Can wani dattijo ya sunkuyar da kai ya ce, "Tulin takin da ke bayan lambuna ya ninka nasa." Ashe kowa yana da nasa a gaɓa!

Jatau ya rasa albasarsa a shekarar. Da kwando ya kwashe takin a ka, Barmo yana ɗora masa.

To jama'a, gaskiya ita ce ka faɗe ta ko da kai za ta kayar. Kwatar gidanka ina take zuba? Takin gonarka ina ruwa ke kai shi? Kafin ka nuna baƙo da yatsa, je ka auna ruwan da ke bayan gidanka. Allah Ya ba mu ikon cewa, "Laifin nawa ne."