Littafin Lilin da Ya Zama Likkafani

Akwai wani mutum a ƙasar Iturusiya, maƙwabciyar Roma, tun kafin Romawa su haɗiye ta. Firist ne na gumakansu. Yana da littafi na ƙyallen lilin mai tsawo, an rubuta addu'o'in kakanninsa a kai daga dama zuwa hagu, har da wadda ake karanta wa mai barin duniya. Duk garin shi kaɗai ya iya karanta shi, yana kuwa jin daɗin haka.

Yana da 'ya ɗaya, Ramta. Tun tana ƙarama take roƙonsa ya koya mata. Kullum sai ya ce ta bari ta ƙara hankali, ya naɗe lilin ya mayar cikin akwati. Hankalin nan dai, har ta yi aure a Roma bai ga ya zo ba. Can ta koyi harshen Romawa da rubutunsu, harshen gida ya ɓace mata.

Da mutumin ya tsufa, ya makance, ciwo ya kwantar da shi, sai ya aika aka kira ta. Ya miƙa mata lilin, ya ce, "'Yata, karanta mini addu'ar tafiya, tsoro nake ji."

Ramta ta warware shi, ta fara daga hagu yadda ta saba, ba abin da ya fito. Ta koma daga dama, ta harhaɗa baƙaƙen da ƙyar, amma ko kalma ɗaya ba ta gane ba, balle ta san inda addu'ar take. Ta fashe da kuka, ta ce, "Baba, ai ba ka koya mini ba."

Ya yi ta ƙoƙari ya tuna da ka, abu ya gagara. Haka ya mutu cikin tsoronsa. Masu wankan gawa suka ga lilin mai kyau, suka yayyaga shi, suka naɗe gawar da shi.

To, ku ji ma'anar misalin. Lilin nan Maganar Allah ce, firist ɗin kuwa ku ne, iyaye. Abin yana ci mini rai ƙwarai. Littafi Mai Tsarki yana ƙasan akwati tare da zannuwan biki, yaranku ko inda Zabura take ba su sani ba, kuna ta cewa sai sun girma. Sun fa girma, waɗansu ma sun tafi. Ran da idonka ya mutu, kana kwance tsoro ya rufe ka, wa zai karanta maka?