Rijiyar Ajuji

Ranar Talata ce, da hantsi, a bazara ta uku da sama ta hana ruwa, Cindo maharbi ya tsaya gindin wata busasshiyar tsamiya ya ce a nan za a haƙa rijiya. Cindo na Gwamma, kibiya ɗaya nama biyu, shi ya jawo ragowar danginsa daga arewa bayan tafkuna sun ƙafe.

'Yarsa ɗaya ce, mai shekara tara. Kafin ita matarsa Gwamma ta haifi biyar, babu wanda ya kai yaye. Da aka haifi ta shida sai aka yi mata yadda ake yi wa 'yan wabi: aka ɗora ta a kan juji kamar ba a sonta, aka tsaga mata kunne, aka sa mata suna Ajuji, don mutuwa ta raina ta ta wuce. Ba wanda ya gaya mata dalili. Ita dai ta san uwarta ba ta taɓa kiranta 'yata ba.

Suka yi ta haƙa har ramin ya ƙuntace, babba ba ya iya juyawa a ciki. Barau, ƙanen Cindo, ya dubi yarinyar.

"Yaya, sai dai wannan 'yar tsigin."

Gwamma ta ce, "Kai ka shiga mana. Ko tumbin ne ya hana?"

"Tumbin da ya kwana uku bai ga ruwa ba? Ki dubi yaran nan, Gwamma."

Cindo ya jawo Ajuji kusa. Shi da kansa ya ɗaura mata igiya.

Sara ɗaya Ajuji ta yi, ƙasan ramin ya burma, ta faɗa cikin wata sama da ke ƙarƙashin ƙasa. Taurari suna kiwo a can kamar fararen shanu, a bakin wani kogi mai haske, yara marasa inuwa suna kora su. Wata tsohuwa mai tsaron kogin ta kira ta da sunaye biyar, ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ta ji bakinta ya amsa.

Tsohuwar ta ce, "Duk ke ce. Sau biyar kika je wurin iyayenki kika gudo, domin nan ne gidanku. A na shida suka tsaga miki kunne, muka neme ki muka kasa ganewa."

"Kaka, Inna ba ta sona."

"Wawiya. Wa ke ɓoye abin da ba ya so?"

Ajuji ta daɗe tana kuka, sannan ta roƙi ruwa. Tsohuwar ta nuna mata dutsen da ya toshe hanyar kogin zuwa ramin. Ba ya ɗaguwa sai a hannun wanda yake na nan kuma na can, kuma ranar da aka sake shi zai koma. Ajuji ta kwance igiyar, ta ɗaga dutsen ta riƙe.

Waɗanda ke bakin ramin suka ji muryarta daga nesa.

"Inna, ashe ni ce na yi ta wahalshe ki. Ban sani ba. Wannan karon ba gudu na yi ba."

Gwamma ta kifa ciki a bakin ramin. "'Yata, fito! Ku ja ta, ku ja!"

Suka ja. Igiyar ta fito a jiƙe, ba kowa a jikinta. Kafin azahar ruwa ya hauro.

Garin da ya tashi a wurin har yau ba ya zura yaro a rijiya. In yasar rijiya ta kama, tsofaffi ke shiga, kuma ba a tsuke ramin rijiya a can yadda babba ba zai juya ba.

Gwamma ta ƙi shan ruwan har ta mutu, aka binne ta ranar Juma'a. Waɗanda suka rage su ne Cindo, wanda bai sake ɗaukar baka ba, da Barau, wanda ya fara shan ruwan, da matansa biyu, da wani tsoho makaho da ba a riƙe sunansa ba, da yara bakwai, da kare ɗaya.